Ƙwayar Da Doka Ba Ta Ambaci Sunanta Ba: Shin Ta Halatta Ga Muridi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya girmama ɗan Adam da hankali, ya sanya hankalin nan shi ne marataya ta umarni da hani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, wata tambaya ce ta iso mana daga wani ɗanmu a ɗariƙa, ɗalibi da ke karatu a wata ƙasar Turai. Ya aiko ta ne ta hannun muƙaddaminsa, ya nemi a sakaya sunansa. Ya ce a gidan kwanan ɗalibai inda yake, wasu abokansa suna sayen wata ƴar takarda ta intanet, ba ta kai faɗin farce ba, an jiƙa ta da wani sinadari. In mutum ya sha sai ya yi sa'o'i yana gane-gane. Cikinsu har da wani ɗan Musulmi mai sallah, kuma hujja uku yake kawowa. Ta farko, mai sayarwa ya rubuta cewa dokar ƙasar ba ta hana wannan haɗin ba. Ta biyu, ba giya ba ce, babu ɗigon barasa a cikinta. Ta uku, ya ce a dare ɗaya ya ga haske, ya ji kansa ya narke ya ɓace, kuma wai wannan shi ne abin da sufaye suke kira fana'i.

Sai ɗanmu ya rufe tambayarsa da maganar da ta sa muka ga lallai a ba da amsa a fili. Ya ce shekararsa uku yana lazimi safe da yamma, bai ga komai ba, ga abokinsa ya gani a dare guda. Ya ce zuciyarsa ta fara raya masa ya gwada sau ɗaya.

Muna roƙon Allah ya yi mana jagora, ya sa amsar ta amfane shi da duk mai irin wannan waswasi.

Mece ce wannan ƙwaya?

Malaman usulu sun koyar da mu cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi. To bari mu fara sanin abin.

Takardar da ya siffanta tana daga dangin wasu sinadarai da ake kira NBOMe, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne 25I-NBOMe. Masu sha a ƙasashen Ingilishi suna yi mata laƙabi da sunan bom. Ba ganye ba ce, ba saiwa ba ce, ba ta tsira a gonar kowa. Wani masanin sinadarai mai suna Ralf Heim ne ya fara haɗa ta a 2003 a wata jami'a ta birnin Balin a Jamus. Daga baya David Nichols da ɗalibansa suka ci gaba da bincike a kanta a jami'ar Purdue ta Amurka. Ba don mutane su sha suka haɗa ta ba. A cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam Allah ya halicci wasu ƙananan makullai waɗanda wani sinadari na jiki mai suna sirotonin yake buɗewa gwargwadon buƙata. Masanan suna neman mabuɗin da zai shiga ɗaya daga cikin makullan nan da ƙarfi, don su fahimci yadda yake aiki. Suka samu, suka wallafa sakamakon a mujallun ilimi.

Wajen 2010 sai ƴan kasuwar ɓoye suka ɗauki abin da aka wallafa, suka shiga haɗawa suna sayarwa ta intanet. Sau da yawa sukan sayar da ita da sunan LSD, tsohuwar ƙwayar gane-gane da Albert Hofmann ya haɗa a Suwizalan a 1938, domin ta fi ta arha ga mai haɗawa. Shi kansa Nichols ya yi rubutu a mujallar Nature a 2011 yana bayyana takaicinsa kan yadda ake ɗaukar bincikensa a mayar da shi abin da ke kashe mutane.

Haɗarinta yana cikin ƙanƙantarta. Abin da ke juya hankalin babban mutum bai kai kashi 1 cikin 1000 na giram ba, kuma tazarar da ke tsakanin abin da ke sa gane-gane da abin da ke kai mutum kabari gajera ce ƙwarai. Mai jiƙa takardar a ɓoye ba ya iya daidaita ta, takarda biyu daga hannun mutum ɗaya sukan bambanta. Likitoci sun rubuta abin da suka gani ga waɗanda aka kawo musu: bugun zuciya mai tsanani, hawan jini, zafin jiki da ya wuce kima, firgita da dambe da mutane, farfaɗiya, lalacewar tsoka, tsayawar ƙoda. Babu wani makari da aka sani wanda ke karya ta, sai dai a yi ta fama da alamominta har Allah ya yi ikonsa. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka ta ce tsakanin watan Maris na 2012 da watan Agusta na 2013, aƙalla mutum 19 ƴan shekara 15 zuwa 29 ne suka mutu a ƙasar sanadin wannan dangi. Wasu guba ce ta kashe su kai tsaye, a wasu ƙasashen kuma an samu waɗanda suka faɗo daga bene cikin ruɗewa.

Tsere tsakanin doka da masu haɗawa

To yaya aka yi abu mai kisa irin wannan ya yi shekaru ana sayar da shi a fili? Amsar tana cikin yadda dokokin ƙwaya suke. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan ƙwayoyi masu juya hankali, wadda Nijar ma tana cikin ƙasashen da suka amince da ita, jeri take yi: ta ambaci sinadari da sunansa, ta sa shi a aji. Abin da ba a rubuta sunansa ba, ba ya cikin jerin. Masu haɗawa sun gane haka. Sai su ɗauki sinadarin da aka hana, su sauya ɗan wani sashe na ƙirarsa, ya fito da sabon suna alhali aikinsa a ƙwaƙwalwa bai sauya ba. Sai su rubuta a jikin leda cewa ba na sha ba ne, na bincike ne, ko takin fure ne, kowa kuwa ya san don me ake saye.

Hukumomi suka biyo baya da gudu. Ingila ta yi mata hani na wucin gadi a watan Yuni na 2013, ta sa ta a ajin mafi tsanani a 2014. Amurka ta hana uku daga dangin a watan Nuwamba na 2013. A watan Maris na 2015 aka shigar da waɗannan uku cikin aji na farko na yarjejeniyar 1971. A watan Oktoba na shekarar, Sin ta hana sinadarai 116 a lokaci guda. Da aka toshe wannan rami sai aka fara kama takardu ɗauke da ƙannenta, irin wanda ake kira 25I-NBOH. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙirga sabbin sinadarai irin waɗannan fiye da 1000 da suka ɓulla a duniya.

Wasu ƙasashe sun gaji da ƙirga sunaye. Tun 1986 Amurka take da dokar da ke hukunta mai sayar da abin da ya yi kama da haramtacciyar ƙwaya a ƙira da aiki, in don a sha aka sayar. A 2016 Ingila ta kafa dokar da ta hana sayar da duk wani abu mai juya hankali gaba ɗaya, sai dai ta ware wasu abubuwa, cikinsu har da giya da taba.

Saboda haka, ya ɗana, ka gaya wa abokinka abu biyu. Rubutun mai sayarwa ba fatawar alƙali ba ne, yana iya zama ƙarya tsagwaronta, kuma wanda aka kama da ita a baƙuwar ƙasa karatunsa da takardar zamansa ne za su tafi. Sannan ko da gaskiya ne dokar ba ta kai ga wannan haɗin ba tukuna, ma'anarsa kawai ita ce ma'aikatan gwamnati ba su gama rubuta sunansa ba. Shirun doka ba shaida ba ce cewa abu ba ya kisa. Waɗancan matasa da aka ƙirga, sun mutu ne kafin a rubuta sunan ƙwayar a jerin ƙasarsu.

Shari'a ta riga kowane sabon suna

A nan ne mumini zai ga ni'imar da Allah ya yi masa. Shari'ar Musulunci ba ta rataya hukuncin maye ga suna ba, ta rataya shi ga siffa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Musal Ash'ari, Allah ya ƙara masa yarda, ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da wasu abubuwan sha biyu na mutanen Yaman, ɗaya na zuma, ɗaya na hatsi. Annabi bai tsaya ga sunayensu ba, ya ba shi ƙa'idar da ta haramta duk mai sa maye. Sayyidina Umar ya hau mimbarin Madina ya bayyana wa jama'a cewa giya ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali. Bayan wafatin Annabi wani abin sha na Farisawa da ake kira bazaƙ ya shigo, aka tambayi Abdullahi ɗan Abbas. Ya amsa da cewa hukuncin Annabi ya riga wannan abin sha zuwa, in yana sa maye to haram ne. Haka muke cewa yau, hukuncin Annabi ya riga ɗakin binciken Balin da shekaru fiye da 1300.

Kuma Mai gaskiya abin gaskatawa ya ba da labari, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito, cewa wasu daga al'ummarsa za su sha giya suna kiranta da wani suna daban. Mu Hausawa mun san wannan, an canza wa tuwo suna ne kawai. Abu Dawuda ya kuma ruwaito daga Uwar Muminai Ummu Salama cewa Annabi ya hana mai sa maye da mai kashe jiki. Wanda ya ce babu barasa a ciki, sai a ce masa illar haramcin ita ce gushewar hankali, ko ta ruwa ta zo, ko ta hayaƙi, ko ta takarda.

Dabarar sauya ƙira don a kuɓuce wa hani kuwa tsohuwa ce. Suratul A'arafi ta ba mu labarin mutanen wani gari na bakin teku da aka hana su kamun kifi ranar Asabar, suka ƙetare iyaka, malaman tafsiri suka bayyana cewa tarko suke kafawa tun kafin ranar su kwashe bayanta. Hadisin Jabir ya ba mu labarin waɗanda aka haramta musu kitse, suka narkar da shi suka sayar suka ci kuɗin. Dukansu sun kiyaye lafazi sun tozarta manufa, kuma ba su tsira ba. Ana iya yi wa kundin gwamnati wayo, amma ba a yi wa Masanin abin da ke cikin ƙiraza.

Abin da malamanmu Malikawa suka ce

Mai karatu zai iya cewa ai malaman mazhabarmu sun bambanta tsakanin abubuwan da ke gusar da hankali. Gaskiya ne, kuma amana ce mu faɗa. Imam Alƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya kasa su uku a littafinsa Alfuruƙ. Akwai wanda ke ɗauke ji da gani gaba ɗaya, shi ne mai sa barci, kamar abin da likita ke bai wa wanda za a yi wa aiki. Akwai wanda ke gusar da hankali tare da nishaɗi da annashuwa, shi ne mai sa maye, kamar giya. Akwai kuma wanda ke dagula hankali ba tare da wannan nishaɗi ba, shi ne mai ɓatawa. Ya ce mai sa maye ya keɓanta da hukunci uku: haddi, da najasa, da haramcin ko da kaɗan ne. Ya sanya wiwi cikin masu ɓatawa. Shaihu Abdullahil Manufi kuwa, malamin Shaihu Halilu mai Muhtasar, ya zaɓi cewa wiwi mai sa maye ne, hujjarsa ita ce ana ganin masu shansa suna sayar da dukiyarsu dominsa, da ba su jin daɗi a ciki da ba su yi ba.

Ka lura da kyau, saɓaninsu yana kan nau'in horo da najasa ne. Babu ɗayansu da ya halatta shan gwargwadon da ke taɓa hankali don nishaɗi ko neman gani. Ita kuwa wannan takarda ba a shanta sai don ta taɓa hankali, in ba ta taɓa ba mai saye zai ce an cuce shi. Ga kuma dalili na biyu mai zaman kansa: guba ce mai kisa, Allah kuwa ya hana mu jefa kanmu ga halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara, ya hana mu kashe kanmu a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i. Saboda haka shanta haram ne, sayar da ita haram ne, kuɗinta haram ne, tallata ta ga aboki haram ne.

In an ce ai a wasu ƙasashe likitoci suna gwada wasu ƙwayoyin gane-gane wajen jinyar ciwon damuwa, har Ostareliya ta ba wa wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin haka a 2023, sai mu ce wannan babin lalura ne da magani, yana da sharuɗɗansa, yana hannun likitoci da malamai. Wannan takardar ba ta ciki, babu ƙasar da ta amince da ita a matsayin magani. Rangwamen da aka yi wa majinyaci kuma ba ya zama hujja ga lafiyayye mai neman kallo.

Kama da wane ba ta wane

Yanzu sai hujja ta uku, wadda ta fi haɗari ga ɗan ɗariƙa. Wasu Turawa tun shekarun 1950 da 1960 suke yaɗa cewa waɗannan ƙwayoyi gajeriyar hanya ce zuwa abin da masu bautar Allah suke samu bayan doguwar wahala. A 1979 har suna suka ƙirƙira musu mai ma'anar abin da ke haifar da ubangiji a cikin mutum. Muna neman tsarin Allah. Sukan ɗauko waƙoƙin arifai irin ta Ibnul Farid da ke ambaton giya da kofi da mai shayarwa, su ce ga shi ku ma kun faɗa.

Wannan ruɗu ya taɓa shigowa cikin Musulmi. Lokacin da wiwi ya yaɗu a Masar da Sham a ƙarni na 7 na Hijira, wasu masu shigar sufaye sun riƙe shi suna cewa yana tara himma, har aka riƙa jingina shi ga faƙirai. Daga cikin waɗanda suka tashi suka yi musu raddi akwai Shaihu Kuɗbuddinil Ƙasɗallani, wanda shi kansa ɗan ɗariƙa ne, ya wallafa littafi kan haramcinsa. Mutanen Allah ba su taɓa karɓar wannan da'awa ba.

Mayen da Imam Alƙushairi ya yi bayani a Risalarsa, tare da abokinsa wartsakewa, hali ne da ke sauko wa zuciya daga Allah saboda ƙarfin ƙauna da halarto. Ba a sayensa, ba a haɗiyarsa, bawa ba ya sa masa lokaci. Giyar da ke cikin waƙoƙinsu ishara ce ga ƙaunar Allah da Manzonsa. Manyan ɗariƙa kuma, irin su Imam Junaidu, sun fifita wartsakewa, suka ce wannan ilimi namu ɗaure yake da Littafi da Sunna. Alamar mai hali na gaskiya ita ce ana kiyaye masa lokutan sallarsa. Mai ƙwaya kuwa Alkur'ani ya hana shi kusantar sallah har sai ya san abin da yake faɗa. Yaya abin da ke hana ka tsayawa gaban Ubangijinka zai zama ƙofar shiga wurinsa?

Hasken da abokinka ya gani, masanan da suka haɗa sinadarin sun riga sun faɗi daga inda yake. Makulli ne na ƙwaƙwalwa aka fizge da ƙarfi. Mai sallah da marar sallah, mumini da wanda bai yarda da Allah ba, duk wanda ya sha zai ga launuka. Abin da bai bambanta mai tsarki da mai janaba ba, ba shi ne fatahi ba. In ka danna idonka da yatsa cikin duhu za ka ga walƙiya, amma ba ka ce gari ya waye.

Ko da hasken daga waje ya zo, ba kowane haske ake bi ba. Masu tarihin Shaihu Abdulƙadir Jilani, Allah ya tsarkake sirrinsa, sun kawo cewa wata rana a daji wani haske ya cika masa sararin sama, wata murya ta ce ita ce Ubangijinsa, ta halatta masa abubuwan da aka haramta. Nan take ya nemi tsari ya kori la'ananne, hasken ya koma duhu da hayaƙi. Da aka tambaye shi yadda ya gane, ya nuna cewa maganar halatta haram ce ta tona asirinsa. Abu Yazidal Bisɗami ya yi gargaɗin kada a ruɗu da mutum ko da an gan shi yana tashi sama, sai an ga yadda yake a gaban umarni da hani. Shaihunmu Ahmadu Tijjani, Allah ya ƙara masa yarda, ya umarci almajiransa su auna duk abin da aka jingina masa da ma'aunin shari'a, su karɓi wanda ya dace, su bar wanda ya saɓa. Shaihun da ya tsananta a kan taba, me kake zato zai ce game da takardar da ke tsayar da ƙoda?

Ma'auni mafi sauƙi shi ne ka dubi abin da ya biyo baya. Wanda Allah ya yi wa buɗi yakan ƙara tsoron Allah, da kunya, da tausayin halitta, da ganin ƙanƙantar kansa. Ka dubi abokinka bayan wata 6. Asubarsa ta ƙaru ko ta ragu? Yana kiran mahaifiyarsa? Zai yarda ta ga abin da ke aljihunsa? Annabi ya siffanta zunubi da abin da ke yi maka kai-kawo a ƙirji, kake ƙin mutane su gani.

Ga wanda ya daɗe yana wuridi bai ga komai ba

Ya ɗana, yanzu da kai nake. Ka ce shekara uku ba ka ga komai ba. Wa ya gaya maka don gani ake wuridi? Lokacin da ka karɓa, alkawarin da ka ɗauka shi ne istigfari da salati da hailala, don bauta ga Allah da neman yardarsa. Malaman tarbiyya sun ce muridin da ke zikiri don kashafi, kashafin yake nema, bai fara neman Allah ba tukuna. Sun kuma ce tsayuwa a kan daidai ta fi karama dubu.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba a ba ka komai ba. Saurayi kake, kai kaɗai a ƙasar da babu mai tashinka sallah, giya tana kowane kanti, amma shekara uku harshenka bai bar ambaton Allah ba safe da yamma. Takardar ta zo har ɗakinku, wani ya sha, kai kuwa aka jefa maka tsoro a zuciya har ka tsaya ka yi tambaya. Wa ya riƙe hannunka? Wannan riƙon shi ne amfanin wuridinka, ka gode wa Allah a kansa.

Hanya ɗaya ce Allah ya shimfiɗa. Hadisin waliyyai da Bukhari ya ruwaito ya nuna ta: farillai tukuna, sannan nafiloli, bawa yana ta kusantowa har Allah ya so shi. Ƙarshen Suratul Ankabuti ya yi alkawarin shiriya ga masu ƙoƙari saboda Allah. Manomin gero a Damagaram ko Tawa ba ya tono iri kullum don ya ga ko ya tsira. Yana shuka, ya yi noma, ya jira sama. Ka riƙe lokacinka, ka nemi ƴan'uwa masu wazifa a garin da kake ko da mutum biyu ne, kada ka ɓoye wa muƙaddaminka abin da zuciyarka ke raya maka. Maganar "sau ɗaya" kuwa ka watsar da ita, domin cikin waɗanda suka mutu akwai waɗanda karon farko ne.

Abokinka kuma kada ka yar da shi. A zamanin Annabi an sha kawo wani mutum saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ka yi masa nasiha a keɓe, ka nuna masa cewa ƙishirwar da yake ji ta gaskiya ce, rijiyar ce ba ta da kyau. In ka taɓa ganin wani ya sha jikinsa ya yi zafi, ko yana fizge-fizge, ko ya ruɗe, ka kira motar asibiti nan take, ka gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. Ceton rai yana gaba da rufin asiri.

Mu da ke gida

Kada mu karanta wannan mu ce matsalar Turai ce. Hujjar abokin ɗanmu muna jin irinta a fadojin samari a Maraɗi da Yamai: ai ba giya ba ce, magani ne, a kasuwa ake sayarwa. Tramol ba ya cikin jerin yarjejeniyoyin duniya na miyagun ƙwayoyi, amma kowa ya san abin da ya yi wa ƴan kabu-kabu da leburori da ɗalibai. Maganin tari mai kodin sai a 2018 Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi, bayan ya riga ya yi ɓarna. Sholisho na gyaran taya ne, babu dokar da za ta hana sayar da shi ga mai faci. A Saliyo, haɗin sinadarai da ake kira kush ya kai gwamnati ga ayyana dokar ta-ɓaci a 2024. Ƙasarmu tana da dokarta ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1999, tana da hukumar OCRTIS, muna yi musu addu'a, kuma bin doka a nan wajibi ne. Amma jandarma ba ya iya tsayawa a ƙofar kowace zuciya.

Tramol da likita ya rubuta wa mai ciwo, a sha yadda ya ce, magani ne. Wanda aka sha don a ji garau ko a yi aiki ba gajiya, hukuncinsa hukuncin abin da muka faɗa. Mai tebur da ke sayar wa yaro alhali ya san don me yake saye, ya sani cewa da wannan kuɗin yake ciyar da iyalinsa, da shi yake zuwa maulidi. Iyaye su san abokan ƴaƴansu da abin da ke cikin salularsu. Muƙaddamai su buɗe ƙofar zawiya ga yaron da ya faɗa, su haɗa masa addu'a da likita, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ya Allah ka kiyaye mana hankulanmu da imaninmu. Ka tsare ƴaƴanmu na gida da na waje. Wanda ya faɗa cikin shaye-shaye ka fitar da shi, ka karɓi tubansa. Ka shayar da mu daga ƙaunarka da ƙaunar Annabinka, ka nuna mana gaskiya ka ba mu ikon binta, ka nuna mana ƙarya ka ba mu ikon guje mata. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, ka sa mu cika da kalmar shahada muna cikin hankalinmu. Allah ya yi daɗin tsira da aminci ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.